Taikwando, Kareti ko Damben Tailan: Wanne Zai Koya Maka Shuri da Kwankwaso?

Duk wanda ya taɓa zama a wurin atisaye inda aka rataye buhun shuri ya ga wannan abin mamakin. Ƙato mai ɗaga ƙarfe, cinya kamar turmi, zai zo ya kai wa buhun shuri ka ji "fas" kamar an mari ruwa, buhun ko gezau. Sai wani siririn yaro da ba ka saye shi da kwabo ba ya matso, ya saki ƙafa, ka ji "dum", buhun ya lanƙwashe a tsakiya, sarƙar da ta riƙe shi tana kuka. Idan kana son gane sirrin, daina kallon ƙafar da ta tashi sama, ka kalli wadda ke ƙasa. Ta ƙaton tana nan daram kamar an kafe ta da ƙusa. Ta yaron kuwa ta juya a kan tushen yatsu har diddigensa ya kusa kallon buhun. Wannan juyin ne ya buɗe wa kwankwaso hanya, kwankwaso kuma shi ya jefo ƙafar.

Wani ƙanena ne ya sa ni wannan dogon bayani. Ya tara 'yan kuɗinsa zai shiga makarantar koyon faɗa, ya rasa tsakanin taikwando da kareti da Muay Thai, wanda zan riƙa kira damben Tailan. Tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, wanne ya fi ƙarfin ƙafa?" Na ce masa duka ukun da kwankwaso suke shuri, bambancin yana wurin yawan kwankwason da kowanne yake yarda ya kashe a shuri guda. Kareti da taikwando aron kwankwaso suke bayarwa su karɓe abinsu nan take. Ɗan damben Tailan kyauta yake yi da shi gaba ɗaya. Don kwatancen ya tafi daidai zan tsaya a kan shuri ɗaya da dukansu suke da shi, wanda ke zuwa ta gefe a lanƙwashe ya sauka a haƙarƙari ko wuya ko cinya. Japanawa na kiransa mawashi geri, Koriyawa dollyo chagi. Mu kira shi shurin lauje.

Kafin a shiga kwatance, ga yadda abin yake aiki a jiki. Ƙashin cinya yana da kai mulmulalle da ya shige cikin gurbinsa a kwatangwalo, kamar taɓarya a turmi, shi ya sa yake iya juyawa ta ko'ina. Naman da ke kewaye da wurin, wato na mazaunai da na matse-matsi da wanda ya taso daga gadon baya ya ratsa ta gaban kwatangwalo, yana cikin mafi girma da ƙarfi a jikin mutum. Shuri mai kyau yana farawa ne daga ƙasa. Ƙafa ta tura ƙasa, kwankwaso ya juya, cinya ta biyo shi a makare kaɗan, sannan ƙwauri ya zo a ƙarshe. Lokacin da cinya ta rage gudu sai gudun ya zube cikin ƙwauri, kamar yadda bakin bulala yake fashewa da ƙara bayan hannu ya riga ya tsaya. Wanda ya yi wasa da majaujawa a gona yana korar tsuntsaye ya san wannan ba sai an zana masa ba.

Abu biyu ne ke haɗuwa su ba da zafin duka, sauri da nauyi. Malaman kimiyya sun ce idan ka ninka saurin abu sau biyu, kuzarin da yake ɗauke da shi ya ninka sau huɗu. Amma nauyin da ya iso wurin tare da saurin shi ma abin dubawa ne. Tafin ƙafa daga idon sawu zuwa yatsu bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin 100 na nauyin jiki ba, kimanin kilo 1 ke nan ga mai kilo 70. Ƙafa ɗungurungum daga kwatangwalo kuwa tana kai kashi 16 zuwa 20 cikin 100, wato kilo 11 zuwa 14 ga wannan mutumin. Idan gangar jiki ta bi bayanta, nauyin ya ƙaru. A nan hanyoyin uku suka rabu: wani ya zaɓi sauri, wani ya zaɓi nauyi.

Taikwando ya zaɓi sauri, kuma yana da dalilinsa. Ɗan taikwando yana tsayawa a kaikaice, gefen jikinsa na kallon abokin karawa, yana 'yar tsalle-tsalle a kan yatsu. Idan zai yi shurin lauje, gwiwa yake ɗagowa a miƙe ta gaba kamar mai shirin tokari, ƙafar a naɗe, diddige kusa da mazaunai. Sai a daƙiƙar ƙarshe ya murza ƙafar ƙasa, kwankwaso ya kifa, ƙwauri ya fita "tsaf", bayan ƙafa ya daki inda aka nufa, ya dawo kafin ka ƙifta ido. Naɗe ƙafar nan ba ado ba ne. Abu gajere ya fi saurin juyawa a kan dogo, shi ya sa cinya take tashi da wuri idan ƙwauri na naɗe a jikinta. Hanyar kuma gajera ce, abokin karawa ba ya gane ko tokari ne ke zuwa ko lauje sai ya ji a jikinsa.

Dokar wasa ce ta sassaƙa wannan salon. Taikwando ya zama cikakken wasan Olamfik a Sydney a 2000. A London a 2012 aka yi amfani da rigar ƙirji mai na'urar ƙirga maki, a Rio a 2016 aka ƙara da hular kai mai irin wannan na'ura. A dokar da aka bi a Paris a 2024, shuri a gangar jiki maki 2 ne, a kai maki 3, idan da juyi aka yi shi ya zama 4 da 5, naushi a ƙirji kuwa maki 1 tak. Ba a naushin fuska, ba a shurin cinya, ba a kama ƙafa. To wanda ya san ba za a tare masa cinya ba, ba za a kuma cafke masa ƙafa ba, me zai sa ya ɓata lokaci yana zuba dukan nauyinsa? Taɓawa mai tsabta da na'ura za ta ji ta wadatar. Wannan ne ma ya jawo salon yanzu na ɗaga ƙafar gaba a riƙa zungura da ita, wanda tsofaffin 'yan wasan ke yi wa tsiya suna cewa an mai da faɗa wasan takobi da ƙafa. Ina tare da su a wannan ƙorafin, kodayake wanda ya ce ɗan taikwando ba shi da ƙarfi bai taɓa shan shurin baya ba, wanda ake juya baya a saki diddige a miƙe kamar harbin jaki. A nan naman mazaunai ne ke aiki kai tsaye, kuma yana cikin shuri mafi muni a kowane irin faɗa.

Ga mu nan yankin, taikwando yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita, wato hanya a share. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijing a 2008. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar da Issaka Daboré ya samu a damben zamani a Munich a 1972. Shekara guda bayan Rio, Alfaga ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Tsayinsa ya haura mita biyu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: wasan yana son dogo mai dogayen ƙafafu. Idan yaronka zanƙalele ne, ka riga ka samu rabin amsa.

Damben Tailan ya bi ta wata hanyar dabam, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ne aikin kwankwaso ya fi fitowa fili. Ɗan wasan yana fuskantar abokinsa kusan gaba da gaba. Kafin shuri yakan ɗan taka ƙafar gaba waje a karkace, don kwankwaso ya fara buɗewa tun ƙafar baya ba ta bar ƙasa ba. Sai ya hau kan tushen yatsu, ya murza, diddige ya juyo, kwankwaso ya kifa gaba ɗaya har mazaunin ɓangaren da ke shurin ya kusa kallon sama. Hannun wannan ɓangaren yana fyaɗawa baya don daidaita jiki, ɗaya hannun yana tsare fuska. Gwiwa ba ta naɗewa sosai, ba ta kuma yin wannan fitar ta "tsaf" a ƙarshe. Ƙafar tana zuwa ne a sake, da ɗan lanƙwasa, kamar gora a hannun makiyayi. Abin da ke sauka kuma ƙashin ƙwauri ne. Tafin ƙafa ƙananan ƙasusuwa 26 ne a haɗe, idan suka ci karo da gwiwar hannu su ne za su ji jiki, ƙwauri kuwa sanda guda ce mai kauri.

Babban bambancin yana cikin niyya. Ana koya wa ɗan damben Tailan ya nufi bayan abin da yake duka, kamar mai saran icce da gatari wanda ba ya tsayar da hannu a ɓawo. Shi ya sa idan ya kuskure za ka ga ya kewaya gaba ɗaya ya dawo inda yake, ba shi da birkin da zai tsaya a tsakiya. A manyan filayen Bangkok, Rajadamnern da aka buɗe a 1945 da Lumpinee na 1956, bisa al'ada turmi biyar ake yi na minti uku-uku, kuma alƙalai suna daraja shurin da ya girgiza mutum ya raba shi da tsayuwarsa. Wanda aka tashe shi a kan wannan ma'auni dole ya koyi zuba nauyi.

Duniya ta ga tasirin wannan a Las Vegas a 1988, lokacin da Rick Roufus, gwanin shuri da naushi na Amurka, ya kara da Changpuek Kiatsongrit na Tailan. A turmin farko Roufus ya kayar da shi har ya karya masa muƙamuƙi. Changpuek ya tashi ya ci gaba da abu ɗaya, saran cinya. Ya yi ta sara har ƙafafun Roufus suka ƙi ɗaukarsa, aka tsayar da wasan. Bayan nan Amurkawa da yawa suka koma koyon abin da suke rainawa.

Sai dai kyautar kwankwaso tana da farashi. Shurin ya fi daɗewa a hanya, mai ido yana ganin takun farko ya shirya. Idan ka kuskure ka ba da baya. Mafi muni, idan abokin karawa ya ɗaga gwiwa ya tare da saman ƙwaurinsa, inda ƙashin ya fi kauri, duk ƙarfin da ka tara kai zai dawo wa. A Disamba 2013, a faɗan keji, wato gaurayen faɗan da ake yi cikin keji wanda ake kira MMA, Anderson Silva na Brazil ya kai wa Chris Weidman irin wannan sara, Weidman ya tare, ƙwaurin Silva ya karye biyu a gaban duniya. A Afrilu 2021 shi ma Weidman ɗin ya karye a irin wannan hali, a shurinsa na farko ga Uriah Hall. Kuma ko ba a kai ga karaya ba, watannin farko ƙwaurinka zai yi ta kumburi da tabo. A nan zan ja kunne: masu cewa a riƙa murza kwalba a ƙwauri ko dukan icce don ƙashi ya yi tauri suna nema maka jinya ne kawai. Ƙashi yana ƙara ƙwari ne a hankali, da dukan buhu da matashin atisaye, mai kama da matashin kai, wanda koci ke riƙewa, wata da watanni, tare da hutu.

Kareti yana tsakiya, kuma sai an yi hattara da sunan, domin gida biyu ne a ƙarƙashinsa. Akwai irin su Shotokan, tsatson Gichin Funakoshi wanda ya kai wasan Tokyo daga Okinawa a 1922. A nan ana ɗaga gwiwa ta gefe, a kewayo da ita da kwankwaso, a saki ƙwauri, a janye shi da irin saurin da ya fita. Ba wanda ya kai malaman kareti yawan maganar ƙugu, tun daga naushi har tarewa komai daga nan suke cewa ya fito, kuma ɗalibinsu yakan fahimci jikinsa sosai. Amma gasarsu ta maki tana hukunta wanda ya wuce gona da iri. A wasan ƙarshe na masu nauyi a Olamfik ɗin Tokyo, wanda aka yi a 2021, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba da maki sai ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri a sama, ya sumar da shi. Alƙalai suka kori Hamedi, aka ba wanda ya suma zinare. Duk abin da zan faɗa a kan wannan gida, wannan labarin ya riga ni: ana koya maka ƙarfi, sannan ana koya maka taka masa birki. Ga shi kuma ba a sa kareti a Paris a 2024 ba. Gida na biyu shi ne Kyokushin na Mas Oyama, inda ake duka na gaske, da ƙwauri, har cinya, sai dai ba a naushin fuska. Wannan ya fi kusa da damben Tailan, kuma idan ka same shi a garinku da malami nagari, kada ka raina shi.

Akwai abin da ya haɗa su duka wanda ya fi komai muhimmanci ga lafiyarka. Gwiwa kamar wuƙa mai naɗewa take, buɗewa da rufewa ta sani, ba ta son murɗa. Idan kwankwaso ya juya alhali ƙafar ƙasa tana manne, gwiwar ce take shan murɗar, kuma jijiyoyinta da guringuntsinta ba sa yafiya. Wannan ya fi faruwa ga mai atisaye da takalmi mai kama ƙasa, ko a kan katifar roba mai laushi da ƙafa ke nutsewa. Haka nan ba kowa Allah ya yi wa gurbin kwatangwalo iri ɗaya ba. Wani ko ya shekara yana miƙa jiki ba zai raba ƙafa har ƙasa ba, domin ƙashi ne ke tokarar ƙashi. Jan nama a cinya lokacin miƙa jiki ba komai ba ne, amma idan kana jin tsini kamar ana matse wani abu a gaban matse-matsi, ka dakata ka ga likita, kada ka bari wani ya hau bayanka ya danna.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Yaro ɗan shekara bakwai zuwa sha biyar, mace ko namiji, ni taikwando zan kai shi ba tare da dogon tunani ba. A wannan shekarun jiki yake karɓar laushi, za a buɗe masa kwankwaso ta kowace fuska, ya iya ƙafar hagu kamar ta dama, ga kayan kariya, ga gasa tun daga jiha har ƙasa. Wanda ya taso a haka, idan ya girma ya so nauyi, cikin 'yan watanni zai koyi saran Tailan. Akasin haka ya fi wuya: ƙato ɗan shekara talatin da bai taɓa ɗaga ƙafa sama da ƙugu ba zai sha wahala kafin ya kai kan mutum.

Shi wannan babban, wanda ya fara a makare kuma abin da yake so shi ne ƙafarsa ta yi nauyi, damben Tailan ya fi masa. Saran cinya da na haƙarƙari ba sa neman laushin jiki mai yawa, kuma tun makon farko zai fara dukan abu mai nauyi, ya ji da jikinsa ko kwankwaso ya shiga ko bai shiga ba. Haka mai sha'awar faɗan keji. 'Yan Najeriya ba za su manta da Agusta 2022 a Salt Lake City ba, lokacin da Kamaru Usman yake kan gaba, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya nuna masa hannun hagu, Usman ya kauce ya sunkuyo, ƙwaurin hagu ya tarye shi a kai. Ka sake kallon hoton a hankali, ka dubi ƙafar Edwards ta dama da ke ƙasa.

Ɗan damben gargajiya ma ina ganin nan ya kamata ya leƙa. Dambenmu ya yarda da shuri, kuma duk wanda ya iya sakin hannun da aka naɗe da zare ya riga ya san yadda ake juyo ƙugu daga baya a zuba nauyi a duka guda. Abin da zai ƙara shi ne murza ƙafar ƙasa da saukar da ƙwauri maimakon yatsu. Sai dai ya tuna a kan rairayi yake wasa, kuma a dambe wanda ya kai ƙasa an kashe shi, don haka shurin da zai kewaya da shi idan ya kuskure caca ce babba. Gara ya tsaya a na ƙasa-ƙasa.

Kareti na maki kuwa na mai son tsari ne da natsuwa, wanda zai je aiki gobe da safe ba ya son ɗingishi, ko uban da ke son yaro ya koyi kamun kai kafin ƙarfi.

Duk wannan lissafin yana rushewa idan malamin bai iya ba, kuma a garuruwanmu an fi samun malaman taikwando da kareti a filayen wasa da makarantu, na damben Tailan kuwa sai an tona, wani ma a YouTube ya koya jiya ya buɗe aji yau. Abin da na ce wa ƙanena shi ne ya je kowane wuri sau biyu kafin ya biya ko sisi, ya zauna a gefe. Kada ya kalli malamin, ya kalli ɗaliban da suka yi wata shida. Diddigensu na ƙasa yana juyawa? Suna dukan buhu ko matashi, ko iska kawai suke shura daga farko har ƙarshe? Malamin yana zagayawa yana gyara wa mutum ƙugu da kafaɗa, ko yana tsaye yana ƙirga ɗaya-biyu? Akwai masu ɗaure da gwiwa da yawa a ajin? Ya je ya dawo ya ce mini a wuri na farko mutum uku ya gani da bandeji a gwiwa, a na biyu kuma malamin ya sa wani sabon ɗalibi ya yi rabin awa yana murza ƙafa ɗaya a kan siminti, hannunsa dafe da bango, ko shuri ɗaya bai bar shi ya yi ba. Taikwando ake koyarwa a na biyun, ba shi ya fita nema ba, amma can ya biya kuɗinsa.